Mako huɗu hannuna a baya: abin da dala 2,600 suka saya min a Hiyustan

Ranar farko da na shiga kilinik ɗin, matar da ke teburin karɓar baƙi ta miƙo min kati mai igiya in rataya a wuya. An rubuta sunana daidai, amma babu "Dakta" a gabansa, a ƙasa kuwa kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe, ma'anarta mai kallo. Shekara biyar na yi ina aikin likita kafin in biyo maigidana Amurka, biyu daga ciki a sashen gaggawa, inda a dare guda sai in ɗinke mutum huɗu, in sa wa na biyar bututu a ƙirji kafin asuba. Na rataya katin, na yi mata godiya, na shiga bayi na wanke fuskata, sannan na fito.

Wannan bayani ne a kan kamfanin da na biya ya nemo min gurbin. A nan ana ce wa abin obzabaship: likitan da ya yi karatu a wata ƙasa ya bi likitan Amurka yana kallon yadda ake aiki, ba ya taɓa majinyaci, ba ya rubuta magani, ba ya sa hannu a fayil. Kamfanonin da ke dillancinsa sun cika intanet. Ba zan kama sunan nawa ba, don akwai magana mai ɗaci a cikin abin da zan faɗa. Dala 2,600 na biya na mako huɗu a Hiyustan, a watan Yunin 2024. Da suka aiko in ba su taurari, uku na ba su cikin biyar, kuma har yau ina ganin ban zalunce su ba, ban kuma yi musu alfarma ba.

Dole in fara da biza, domin duk wadda ta biyo miji, biza ce ke yanke mata abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba, ba takardar digirinta ba. Maigidana injiniya ne, yana kan H-1B, bizar ƙwararrun ma'aikata, ni kuma aka ba ni H-4, ta iyalin mai H-1B. Da ita zan zauna, in yi karatu, in yi tuƙi, in rubuta jarrabawa, amma ba ni da izinin aiki ko na awa ɗaya. Tun 2015 aka buɗe ƙofa guda: idan hukumar shige da fice ta amince da takardar I-140 ta mijin, wadda mataki ce a neman katin zama na dindindin ta hanyar aiki, matar za ta iya neman katin izinin aiki. Lokacin da na sauka, kamfanin maigida ko shigar da wannan takarda bai yi ba. Lambar soshiyal sikiyuriti, wadda gwamnati ke gane kowane ma'aikaci da ita, ma ba ni da ita, don ba a ba mai H-4 sai tana da izinin aiki.

A zaurenmu na WhatsApp na likitoci mata da suka biyo mazajensu, kowace da irin igiyar da ta ɗaure ta. Wadda mijinta ɗalibi ne mai F-1 tana kan F-2, kuma tata ta fi matsewa: ba aiki sam, karatu ma ba na cikakken lokaci ba. Wadda mijinta ke kan J-1, mai bincike ne ko likita mai horo, tana da J-2, ita kam tana iya cika fom I-765 ta nemi izinin aiki, sai dai in sharaɗin komawa gida na shekara biyu ya hau kan mijin, ita ma ya hau kanta. Matar mai L-1, wanda kamfaninsa ya turo shi reshensa na nan, izinin aikinta a haɗe yake da matsayinta. Wadda ta auri ɗan ƙasa ko mai katin dindindin kuwa, jiranta ne mai tsawo tun daga fom I-130 da mijin ke shigarwa don a kawo ta, amma ranar da ta sauka da bizar zama babu abin da ya rage mata sai jarrabawa. Duk wannan fa na masu aure ne da takardarsa. Baiko ba ya kawo kowa kan H-4 ko J-2. Bizar K-1 ta masu baiko ta wadda za ta auri ɗan ƙasar Amurka ce kaɗai, kuma dole a ɗaura auren cikin kwana 90 da shigowa. Shi kuwa likitan da zai taso daga waje don kallo kawai ya koma, B-1 ce tasa. Ƙa'idar ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta yarda likita ya shigo da ita ya ga yadda ake aiki ya tattauna da takwarorinsa, muddin ba a biya shi daga nan ba kuma bai kula da majinyaci ba.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai yi mamakin abin da zai sa likita ta biya kuɗi don a bar ta ta tsaya kallo. Hanyar da aka saba ita ce, komai shekarunki a aiki, sai kin sake horon ƙwarewa a nan, wanda ake kira rezidensi, kafin a ba ki lasisi. Kafin ki shiga sai kin sami shaidar ECFMG, hukumar nan da ke Filadelfiya mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje: ki ci Mataki na 1 da Mataki na 2 na jarrabawar USMLE ta neman lasisin likita, waɗanda a 2024 kuɗin kowanne wajen dala 1,000 ne, ki kuma ci jarrabawar Turancin likitoci ta OET, tun da aka soke jarrabawar duba majinyaci a 2021. Mataki na 1 tun Janairun 2022 ba shi da maki, ci ko faɗi ne, shi ya sa ido ya koma kan makin Mataki na 2 da wasiƙun shaida. A Satumba ake tura takardu ta ERAS, shafin neman gurbin rezidensi, kowane shirin horo ana iya haɗa masa wasiƙa har huɗu, a Maris a fitar da rabon gurabe. Wasiƙun malamaina na gida masu kyau ne ƙwarai, amma daraktan horo a nan bai san su ba. Yana son wani likita da ya san tsarin nan ya ce ya gan ki da idonsa. Wannan wasiƙa ita ce hajar da kamfanonin ke sayarwa, ko sun faɗa da baki ko ba su faɗa ba.

Kafin in ba kowa ko sisi sai da na gwada da kaina. Wata uku ina aika imel ga likitocin yankin Dalas inda muke zaune, sama da sittin. Bakwai suka amsa, kuma dukansu haƙuri suka ba ni. Manyan asibitocin koyarwa suna da tsarinsu, amma ko dai sai wani malami na ciki ya tsaya miki, ko kuma layin ya wuce Satumba. Ga shekaru suna tafiya, shirye-shirye da yawa kuma sun fi son wanda bai wuce shekara biyar da gama makaranta ba, ni na riga na haure. Wani dare maigida ya same ni a gaban kwamfuta, ya ja kujera ya ce, "Dakta, mu biya kuɗin nan kawai. Zaman nan yana cin ki, ina gani." A lokacin shi kaɗai ke kirana Dakta a ƙasar nan.

Washegari na cika fom ɗin kamfanin, cikin awa biyu wata mata ta kira ni. Tana da fara'a, ta san sunayen jarrabawowin, ta san lokacin ERAS, har na ji sanyi a raina cewa yau dai na sami mai amsa min. Ta jera min kayansu. Kallo zalla dala 2,600. Akwai wanda ta kira na sa hannu, dala 3,400, inda a cewarta zan ɗauki tarihin majinyaci in duba shi da kaina. Akwai kuma ƙarin dala 900 na bincike, in riƙa shigar da bayanai a wani aiki don sunana ya fito a takarda. Na ce mata ina kan H-4, ba ni da izinin aiki. Ta ce ba komai, tunda ni ke biya ba ni ake biya ba, biza ba ruwanta da wannan.

Allah ya taimake ni ban tsaya a kan maganarta ba. Lauyar da ke yi wa kamfanin maigida aikin biza ta ba mu minti ashirin a waya, kuma ban taɓa cin ribar minti ashirin irin waɗannan ba. Ta ce a dokar shige da fice rashin albashi bai isa ya hana a kira abu aiki ba. Idan abin da kike yi irin wanda aka saba biyan wani ne ya yi, kamar shigar da bayanan bincike ko rubuta wa likita bayanin majinyaci, ana iya ɗaukarsa aiki ba tare da izini ba, kuma ba yau zai taso ba, sai ranar da kike neman katin dindindin. Kallo zalla ba ta ga aibu a cikinsa ba, amma ta ce in karɓi takarda daga wurin, mai nuna ba albashi, ba hidima, ba kula da majinyaci. Na sa hannun kuwa ta ce ya wuce maganar biza, ya shiga maganar lasisi, wanda kowace jiha ke da hukumarta. Ni ba ɗaliba ba ce da makaranta ke tsaya mata, ba ni kuma da lasisin horo, to da wane suna zan ɗora hannu a cikin mutum? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce ke neman dubu.

Wannan ne ya ci tauraro na farko. Ba na zaton mugunta ce ta sa matar ta faɗi haka, ita ciniki aka sa ta yi. Amma kamfanin da ke karɓar dubban daloli daga hannun baƙi, yawancinsu a kan biza mai rauni, bai kamata ya bar ma'aikaciyarsa ta ce "ba komai" a kan abin da zai iya tayar da iyali guda daga ƙasa ba. Da ta ce "tambayi lauya" da ta gama. Na zaɓi kallo zalla.

Wajen takardu kam sun yi ƙoƙari, kuma nan ne na ga amfanin dillali. Sun aiko min jerin abin da ake so: shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela da farankama, gwajin jini mai nuna cewa rigakafin ciwon hanta na B ya kama, gwajin tibi, inshorar lafiya, da darasin HIPAA, dokar nan ta 1996 mai kare sirrin majinyaci. Tun kafin in tambaya suka ce tunda an yi min allurar BCG ina jaririya in yi gwajin tibi na jini, kada in yi na fata ya fito da abin da zai ja min hoton ƙirji da dogon bayani. Da binciken bayana ya tsaya saboda rashin lambar soshiyal sikiyuriti, su suka bi har aka karɓi fasfo a madadinta. Takardar da lauya ta ce in karɓa ma sun kawo ta cikin kwana biyu ba gardama.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A shafinsu an rubuta asibiti, an sa hoton dogayen gine-gine, kuma duk likitan da ya ji Hiyustan zuciyarsa za ta tafi babbar cibiyar asibitocin nan ta Teksas, wadda ake cewa babu kamarta girma a duniya. Sunan wurin ba sa bayarwa sai an biya. Da na biya sai ga adireshi: kilinik mai ɗakin duba majinyaci huɗu, a jerin shaguna, a gefen gari. Likitan yana da izinin kwantar da majinyatansa a wani matsakaicin asibiti, yana zagaye a can safiya biyu a mako, Talata da Juma'a. Wannan shi ne asibitin da aka sayar min, safiya takwas cikin mako huɗu, biyu daga ciki ma ban shiga ba don katin shiga asibitin bai fito ba sai a mako na biyu. Ga Hiyustan tafiyar awa huɗu ce daga Dalas, dole na kama ɗaki na dala 1,100, na bar 'yata mai shekara uku wajen babanta. In aka haɗa da mai da gwaje-gwaje, abin ya haura dala 4,000.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mu uku aka tura wa likita ɗaya a wata ɗaya, duk daga kamfanin. Ɗakunan ƙanana ne, mutum ba zai yarda baƙi uku su tsaya a kansa yana bayanin fitsarinsa ba, kuma gaskiyarsa. Sai muka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, biyu suna zaune a ɗakin cin abincin ma'aikata suna karatu. Kashi ɗaya cikin uku na majinyatan kenan kowace ta gani. Ba wanda ya gaya min haka kafin in biya, ni kuma ban san in tambaya ba.

Amma shi likitan, Allah ya saka masa. Dattijo ne, likitan cututtukan manya, shi ma baƙo ne da ya yi karatu a wata ƙasa ya zo ya sake horo shekaru da dama da suka wuce, don haka ya san nauyin katin da ke wuyana. Kafin ya shigar da ni ɗaki sai ya shiga shi kaɗai ya nemi izini, ya ce akwai likita daga wata ƙasa da ke koyon tsarin nan, in ba a so ba komai. Wasu sukan ƙi. Da farko abin yana sosa min rai, daga baya na gane wannan neman izinin ma darasi ne.

Cutar dai ita ce cutar: ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, gazawar zuciya. Babu abin da na gani a jikin mutum wanda ban sani ba. Abin da ban sani ba shi ne duk abin da ke kewaye da jikin. Na ga likita ya zaɓi magani, nas ta kwashe rabin awa a waya tana neman amincewar kamfanin inshora, a ƙarshe aka koma wani maganin da inshorar ta yarda da shi. Na ga majinyaciya ta shigo da sakamakon gwajinta a wayarta, ta riga ta karanta, tana tambayar dalilin da ya sa lamba kaza ta hau. Na ga yadda yake zama daidai tsayin majinyaci ya gaya masa abin da hoto ya nuna kai tsaye, sannan ya tambaye shi wa yake so a sanar a cikin iyalinsa, ba a fara da iyalin ba. Kusan rabin masu zuwa Sifaniyanci suke ji, kuma ko da sun zo da ɗansu mai jin Turanci, sai ya kira tafinta ta waya, yana magana idonsa a kan majinyacin ba a kan wayar ba. Da yamma yakan sa mu gabatar masa da majinyaci ɗaya a cikin minti biyu, in ka wuce ya ɗaga hannu. Ni da na saba farawa daga tushe in bi a hankali, sai da na yi mako biyu kafin in iya sa abin da ya fi muhimmanci a jimlar farko. Wannan kaɗai ya taimake ni a duk ganawar da na yi daga baya. Gani ya kori ji, littafi bai taɓa koya min waɗannan ba.

Abin da ya fi min wuya hannuna ne. Na koyi haɗa su a baya in riƙe, don in na sake su sai su tafi da kansu. A mako na uku aka kawo wani tsoho, ƙafafunsa a kumbure, yana cewa jikinsa ba ƙarfi kwana biyu. Ina tsaye a jikin bango, ina son in danna ƙaurinsa in ga ramin da yatsa zai bari, in ɗora abin sauraro a bayansa, ba hali. Matarsa ta zazzage kwalaben magani a kan tebur daga wata jaka. Ido dai ba a hana ni ba, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga lisinopril, na ga losartan, sunan likitan da ke jikin ɗayar kwalbar kuma ba na likitanmu ba ne. Haɗa waɗannan biyun yana iya ɗaga sinadarin potasiyam ya kuma taɓa ƙoda. Ban ce uffan a ɗakin ba. Da muka fito na ce, "Dakta, a yi min afuwa, na ga kamar yana shan biyun tare." Ya koma ya duba. A fayil ɗinsa ɗaya ne kawai, ɗayan an rubuta masa ne a wani wurin da ya je kwanakin baya. Ya sa aka ɗebi jini nan take, ya dakatar da ɗayan. Da sakamako ya dawo ya kira ni ofishinsa ya juyo min da kwamfutar in gani da kaina. A daren na kira maigida ina ba shi labari, muryata tana rawa, ya ce, "To ai dama ke likita ce, kati ne bai sani ba."

Sai maganar wasiƙa, wadda ta ci tauraro na biyu. A waya an ce min zan samu wasiƙa a kan takarda mai tambarin asibiti. A mako na ƙarshe kamfanin ya aiko min da wani samfuri, sakin layi uku na yabo, da gurbin da zan sa sunana, aka ce in cike in kai likita ya sa hannu. Sauran biyun da muke tare su ma shi aka aiko musu, kalma da kalma. Daraktocin horo suna karanta ɗaruruwan wasiƙu a kaka ɗaya, ina zaton ba za su kasa gane irin wannan ba, kuma ko ba su gane ba, ni ba zan iya rubuta wa kaina yabo in sa dattijo ya sa hannu ba. Na same shi na ce, "Dakta, in kana ganin ka san ni isasshe, ina roƙon ka rubuta da kanka, ko gajeriya ce. In kuma ba ka gani ba, na gode da abin da na koya." Ya ce zai rubuta. Na ba shi takardar neman wasiƙa ta ERAS, na zaɓi yafe haƙƙin karantawa kamar yadda aka fi so, ya ɗora ta da kansa a watan Agusta. Tambarin kuwa na kilinik ɗinsa ne. Ya gaya min tun farko ba shi da ikon amfani da na asibitin, kuma bai taɓa gaya wa kamfanin yana da shi ba.

Na rubuta musu ƙorafi a kan abu uku: tambarin, safiya biyun da na rasa, da cunkoson mu uku. Amsar ta zo bayan kwana tara, da ladabi, tana nuna min layin da ke cikin yarjejeniya cewa wasiƙa tana hannun likita, wurin kuma mai alaƙa ne da asibiti. Gaskiya ne, layin yana nan, na kuma sa hannu a ƙarƙashinsa. Abin da aka faɗa a waya ba ya cikin takarda. Sun mayar min da dala 200 na safiya biyun.

Abin da ya fi komai daraja a tafiyar ba ya cikin abin da na biya. Ranar sallama likitan ya ɗauki waya a gabana ya kira wata likita da suka yi horo tare, tana aiki a wani asibiti mai shirin rezidensi a yankin Dalas. A watan Agusta na yi mako uku ina bin ta, ba ko dala, ina kwana a gidana. A can na ga zagayen safe na gaske, da masu horo, da taron tattauna majinyata na rana. Imel sittin ba su buɗe min wannan ƙofar ba, kira ɗaya ya buɗe, kuma ba zan ɓoye ba, ba don kamfanin ya kai ni wurin dattijon ba da ba a yi kiran ba. Shi ya sa taurari ukun suka tsaya.

Wata ƙanwa a zaurenmu, mai J-2, ta tambaye ni ko ta biya su. Na ce mata ta fara gama Mataki na 2, domin kallo ba jarrabawa kuɗi ne a ruwa, kuma wasiƙa ta fi amfani in sabuwa ce, don haka ta sa shi tsakanin Mayu da Agusta na shekarar da za ta nema. Na ce kafin ta biya ta sa su rubuta mata a imel sunan wurin da na likitan, kwana nawa a asibiti kwana nawa a kilinik, mutum nawa za a haɗa ta da su, ko wurin yana da shirin rezidensi, da tambarin da zai hau wasiƙar. In sun ƙi rubutawa ta riƙe kuɗinta. Ita da ke iya samun izinin aiki ma na ce ta fara neman aikin bincike ko na rubuta wa likita bayani, mai albashi, don shekara guda a gefen likita ta fi mako huɗu nesa ba kusa ba. Maganar biza kuma ko kalma ɗaya kada ta karɓa daga bakin mai sayar da gurbi.

Akwai wata maganar biza a gaba da ba wanda ya taɓo min sai lauyar, kuma ita ta fi hana ni barci. In kin sami gurbin horo ba ki da izinin aiki, yawanci J-1 ce, wadda ECFMG ke tsaya wa, ita kuma tana zuwa da sharaɗin komawa ƙasarki shekara biyu bayan gamawa. Kafin ki cika shi ba katin dindindin, ba bizar H, ko da mijinki ya sami nasa. Mafitar da aka fi bi ita ce shirin Conrad 30, inda kowace jiha ke iya neman a yafe wa likita talatin a shekara wannan sharaɗin in za su yi aikin shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. H-1B kuwa sai kin ci Mataki na 3, kuma ba kowane shiri ke yarda ya nema miki ba. Ga mai miji da 'ya, wannan magana ce ta inda iyali za su zauna shekara shida ko bakwai masu zuwa, mun kuma yi ta da maigida dare da yawa, wani lokacin cikin natsuwa wani lokacin da hawaye.

A watan Disamba na yi ganawa ta bidiyo da wani shiri. Daraktar tana duba takarduna sai ta tsaya, ta ce wani likita a Hiyustan ya rubuta labarin wani tsoho da kwalaben magani, in ba ta labarin da bakina. A nan na fara sanin abin da ke cikin wasiƙar. Na ba ta a cikin minti biyu. Ta tambaye ni nawa potasiyam ɗin ya fito, na ce 5.9, wato ya haura ƙa'ida. Ta rubuta wani abu a gefe, sannan ta tambayi ko zan buƙaci J-1. Na ce an amince da I-140 ta maigidana a watan Oktoba, na shigar da fom ɗin izinin aiki, ina jiran kati.